Yadda za ka gyara MySQL idan ta fara jan ƙafa a kan Ubuntu

Duk mai rubuta wa 'yan kasuwa manhaja a Kano ya san irin kiran nan. Alhaji zai bugo daga Kantin Kwari ko Singa, wai risit ɗaya sai an kusa minti guda kafin ya fito, kwastomomi sun cika shago, yara har sun koma rubutu a takarda, kuma kafin ka ce uffan ya riga ya yanke hukunci: "Malam kwamfutar nan ta tsufa, nawa ake sayar da babba?" To yawanci kwamfutar lafiyarta ƙalau. Databes ɗin ce aka girka aka bar ta yadda ta zo, bayanai suka yi ta taruwa shekara da shekaru babu wanda ya leƙa. Ka ce masa "Ranka ya daɗe a ba ni zuwa gobe", sannan ka bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Zan yi maganar MySQL da MariaDB a kan Ubuntu ne saboda su na fi gani a shaguna da makarantu da kemis-kemis na garin nan.

Da farko ka tabbatar wacce kake da ita. Ka buga `mysql --version`. MySQL ta fito ne a 1995 daga Suwidin, ta koma hannun Oracle a 2010 lokacin da suka sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da ita a lokacin, shi kuma Monty Widenius da aka fara ta da shi ya ɓalle ya yi MariaDB a 2009. Sun yi kama sosai amma fayil ɗin saitinsu ba wuri ɗaya yake ba. Na MySQL yana `/etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf`, na MariaDB kuma `/etc/mysql/mariadb.conf.d/50-server.cnf`. Ka kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, sannan ka ɗauki bakof:

`mysqldump --single-transaction --all-databases > /home/kai/bakof.sql`

Ka fitar da shi daga injin, ko a filash ne. Bakof ɗin da ke kwance a haddis ɗin da kake shirin yi wa aiki ba shi da wani amfani idan haddis ɗin ne ya tafi.

Mataki na biyu: ka kalli injin lokacin da yake shan wahala

Ba da asuba ba, ba bayan isha'i ba. Ka zauna lokacin da kasuwa ta ci, ko in makaranta ce ranar da malamai ke shigar da sakamako gaba ɗayansu. Buɗe taminal ka buga `top`. Abu biyu nake kallo a nan. Akwai load average a sama, ka gwada shi da yawan kwakwalwar injin da `nproc` zai nuna maka, in injin mai 4 ne kuma lambar tana zaune a 9 ko 10 to aiki ya yi layi. Sai kuma wani ɗan wuri da aka rubuta `wa`, wannan shi ne kason lokacin da injin ya zauna yana jiran haddis. In ka ga `wa` yana haura 20 ko 30 alhali CPU ba ta wani cika ba, to matsalar karatu daga haddis ce, kuma ko ka sayo injin da ya fi wannan kwakwalwa sau goma haka zai zauna yana jira.

Daga nan `free -h`. Mutane da yawa suna tsorata a nan, su ga layin free ya nuna 200MB su ce RAM ta ƙare. A'a, Linux ba ya barin memori zaune a banza, yana ajiye fayilolin da aka karanta a ciki kuma zai sake ta da zarar an buƙata. Layin available za ka duba. Sannan `vmstat 1`, ka bar shi yana gudu ka zuba ido kan `si` da `so`. A inji mai lafiya sifili za ka yi ta gani yana saukowa layi bayan layi. In kuwa lambobi suna tsalle a wurin, ɗari uku, dubu biyu, sifili, dubu huɗu, to Linux yana kwashe memori yana zubawa a swap, wato wani fili a haddis da yake aro in RAM ta cika, yana kuma dawo da ita, wannan kam shi ke sa linzami ma ya daskare. Na ƙarshe ka girka sysstat da `sudo apt install sysstat` ka buga `iostat -x 1`, ka kalli `%util`, wato kason lokacin da haddis ke kan aiki, da `r_await`, wato tsawon jiran kowane karatu. Tsohon haddis mai juyawa da ke manne a kusan 100 a `%util` ya gaya maka komai. Kar ka manta da `df -h` ma, haddis ɗin da ya cika maƙil yana tsayar da databes cak.

Ka rubuta lambobin nan a takarda ko ka ɗauki hoton sikirin da waya. Da su za ka gane ko gyaran da ka yi ya yi aiki.

Mataki na uku: buffer pool

In saiti ɗaya kacal za ka taɓa to wannan ne. InnoDB, wato injin da MySQL ke ajiye tebura da shi tun siga ta 5.5, yana da wani fili a RAM da yake riƙe bayanan da ake yawan nema. Kamar kanta ne da sito: kayan da ke kan kanta hannu kawai za ka miƙa, wanda ke sito kuwa sai an tashi yaro ya je ya buɗe ya ɗauko. Girman kantan nan idan an girka MySQL ko MariaDB sabuwa 128MB ne kawai. Kaga mutum ya sayi inji mai RAM 16GB da kuɗi masu yawa amma databes ɗinsa tana aiki da 128MB, sauran duk sai an je haddis.

Fara duba girman bayananka:

`SELECT table_schema, ROUND(SUM(data_length+index_length)/1024/1024) AS mb FROM information_schema.tables GROUP BY table_schema;`

Sannan ka ga sau nawa ake zuwa haddis:

`SHOW GLOBAL STATUS LIKE 'Innodb_buffer_pool_read%';`

`Innodb_buffer_pool_read_requests` shi ne duk neman da aka yi, `Innodb_buffer_pool_reads` kuma waɗanda ba a samu a RAM ba sai da aka je haddis. Na biyun ya kamata ya zama ɗan mitsitsi kusa da na farko, kuma in ka sake bugawa bayan minti ɗaya kada ya yi wani tsalle mai yawa.

Nawa za ka ba shi? In injin databes kaɗai yake ɗauke da ita, kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na RAM ya yi. Amma mu a nan yawanci inji ɗaya ne ke ɗauke da komai, Apache ko Nginx, PHP, wani lokacin har da Chrome a buɗe da shafuka goma sha saboda akawun shagon a kansa yake aiki, to a irin wannan in RAM 8GB ce ka tsaya a 3G ko 4G. Kuma in duka bayananka 900MB ne babu dalilin ba shi 6G, 2G ta ishe ka har da na girma nan gaba. A ƙarƙashin `[mysqld]` ka rubuta:

`innodb_buffer_pool_size = 4G`

In ka zarce gona da iri Linux yana da wani mai yanka da ake kira OOM killer, memori na ƙarewa zai nemi wanda ya fi ci ya kashe, kuma kusan kullum mysqld ne. In databes tana mutuwa haka kawai ba dalili ka buga `sudo dmesg -T | grep -i oom` za ka ga gawar a nan.

Tunda kana cikin fayil ɗin, ka ƙara wa redo log, wato inda InnoDB ke fara rubuta canje-canje kafin su shiga tebur, girma shi ma in ana yawan shigar da bayanai. A MySQL daga 8.0.30 sunansa `innodb_redo_log_capacity` kuma 100MB yake zuwa da shi, ka iya kai shi 1G. A MariaDB da tsofaffin MySQL `innodb_log_file_size` ne, 512M ba laifi. Sai `sudo systemctl restart mysql` ko `mariadb`. In ta ƙi tashi kar hankalinka ya tashi, `/var/log/mysql/error.log` ko `journalctl -u mariadb` zai nuna maka layin da ka yi kuskuren rubutu.

Mataki na huɗu: kamo tambayoyin da ke cinye lokaci

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne masu manhaja ba sa son a je saboda laifin yakan dawo kan kod ɗinsu. MySQL tana da littafin da take rubuta duk kuwerin da ya daɗe, wato tambayar da manhaja ke aika wa databes, amma a kashe yake zuwa, kuma ko ka kunna sai wanda ya wuce sakan 10 take rubutawa. Sakan 10! Ai kafin nan kwastoma ya tafi shagon maƙwabci. Ka sauke shi:

`SET GLOBAL slow_query_log = 1;`
`SET GLOBAL long_query_time = 1;`
`SHOW VARIABLES LIKE 'slow_query_log_file';`

Sabbin konekshan ne kawai za su ɗauki sabon lokacin, don haka in manhajar tana riƙe da tsofaffi ka yi mata ristat. Ka bar shi ya wuni ana ciniki, da yamma ka tace:

`sudo mysqldumpslow -s t -t 10 /inda/fayil/yake`

Zai jero maka guda 10 da suka fi cin lokaci in an tara. In kana da Percona Toolkit, `pt-query-digest` ya fi shi bayani. Abin da za ka lura shi ne ba su da yawa, kuweri biyu ko uku ne ke riƙe da wuyan injin gaba ɗaya. Ɗauki na saman ka sa masa `EXPLAIN` a gaba. A ce ga shi:

`EXPLAIN SELECT * FROM ciniki WHERE shago_id = 3 AND DATE(ranar_saye) = '2024-03-01';`

In ka ga `type` ya ce ALL, `key` ya ce NULL, `rows` ya nuna 800000, to ma'anarsa domin ta nemo cinikin rana ɗaya sai ta karanta tebur ɗin tun daga ranar da aka buɗe shago. Lokacin da layuka 2000 ne babu wanda ya ji a jikinsa, shi ya sa Alhaji ke cewa "da can ai lafiya lau take". Maganin shi ne indes, wato jeri kamar fihirisar littafi da ke kai ta kan layin kai tsaye:

`CREATE INDEX idx_shago_rana ON ciniki (shago_id, ranar_saye);`

Amma indes ɗin nan ba zai yi cikakken aiki ba muddin `DATE()` na lulluɓe da ranar, domin sai ta lissafa wa kowane layi kafin ta gwada. Ka sake rubuta shi haka: `ranar_saye >= '2024-03-01' AND ranar_saye < '2024-03-02'`. Amsa ɗaya ce, amma yanzu kai tsaye za ta dira kan ranar. Jerin ma yana da muhimmanci, indes na (shago_id, ranar_saye) yana taimakon mai nema da shago kaɗai ko shago da rana, amma mai nema da rana kaɗai yawanci sai ka yi masa nasa.

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman. Lambobin wayarmu da sifili suke farawa, shi ya sa ake ajiye su a VARCHAR, wato a matsayin rubutu ba adadi ba, daidai ne. Sai mai kod ya zo nema ya tura lambar tsirara ba tare da alamar zance ba, wato a matsayin adadi. MySQL ba za ta yi ƙorafi ba, za ta juya kowace lamba da ke tebur zuwa adadi tana gwadawa, indes ɗin da ka yi wa `waya` yana nan amma ba za ta kalle shi ba. Sa lambar cikin '...' kawai ya warware. Haka neman suna da `LIKE '%musa%'`, wannan % na farkon yana hana indes aiki, in zai yiwu ka bar shi `'musa%'` ko ka koma FULLTEXT.

Kar kuma daɗi ya ɗebe ka ka bi kowane ginshiƙi kana manna masa indes. Kowane ɗaya sai an sabunta shi duk lokacin da aka shigar da sabon layi, kuma yana cin nasa wurin a buffer pool. Ka yi wa waɗanda littafin ya kamo kawai. In tebur ɗin babba ne ka bari sai an tashi daga kasuwa, ko lokacin da aka rufe aka tafi Juma'a.

Wani abin da littafin ba zai kamo ba: shafi ɗaya da ke aika ƙananan kuweri ɗari biyar, kowanne da sauri, saboda an sa shi cikin madauki, a ɗauko ɗalibi sannan a koma a ɗauko makinsa, a ɗauko na gaba a sake komawa. Masu Laravel su duba `with()`, sauran ku haɗa da JOIN.

Mataki na biyar: konekshan

In ka taɓa ganin "Too many connections", iyakar da take zuwa da ita 151 ce. Abin da kowa ke yi shi ne ya mayar da `max_connections` 5000 ya tafi. Kar ka yi. Kowane konekshan yana da rabonsa na memori, ranar da suka cika da gaske mai yankan nan zai zo. Buga `SHOW FULL PROCESSLIST;` tukuna. In yawancinsu Sleep ne, manhajar ce ke buɗewa ba ta rufewa, kuma `wait_timeout` sakan 28800 ne wato awa 8 kafin a kore su, ka sauke shi zuwa 600 misali. In kuwa duk suna jiran kuweri ɗaya ne to koma mataki na huɗu. Haka `sort_buffer_size` da `join_buffer_size`, ka ƙyale su yadda suke, don kowane konekshan ake ware su ba sau ɗaya ba. Query cache ma da tsofaffin bayanai ke cewa a kunna, MySQL 8.0 ta cire shi gaba ɗaya, in ka rubuta shi a fayil ƙin tashi za ta yi.

Akwai `skip-name-resolve` da ke da amfani a shagon da kwamfutoci ke haɗe ta waya ɗaya kuma data na yawan ƙarewa. Ba tare da shi ba MySQL tana ƙoƙarin tambayo sunan duk kwamfutar da ta shigo, in intanet babu sai ta tsaya jira. Sharaɗin kawai shi ne izinin masu shiga ya kasance da lambar IP aka rubuta ba da sunan kwamfuta ba.

Mataki na shida: abin da ba za ka taɓa ba saboda wuta

Za ka ga ana ba da shawarar a mayar da `innodb_flush_log_at_trx_commit` 2 ko 0, kuma gaskiya ne rubutu yana ƙara sauri sosai. Masu wannan shawarar sabobinsu suna ɗakunan da wuta ba ta ƙiftawa. A 1 da take zuwa da shi, ba za ta ce an ajiye ciniki ba sai ya sauka a haddis da gaske. A 2 kuwa kusan sau ɗaya a sakan take saukewa, in aka ɗauke wuta a tsakani cinikin sakan ɗin ƙarshe ya tafi alhali risit ya riga ya fita yana hannun kwastoma. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, a tada janareta, a juya layi, ni dai ban ga hikimar ba. Bar shi a 1, bar `innodb_doublewrite` a kunne, in kana da binlog, wato littafin da MySQL ke rubuta duk canjin da aka yi wa bayanai, `sync_binlog` ma 1.

Ka duba kuma ko akwai tsofaffin tebura masu MyISAM, injin da ake amfani da shi kafin InnoDB:

`SELECT table_name, engine FROM information_schema.tables WHERE table_schema = 'shago';`

MyISAM yana kulle tebur gaba ɗaya idan mutum ɗaya na rubutu, kuma wuta na tafiya yana iya lalacewa sai an yi masa gyara da hannu. `ALTER TABLE kaya ENGINE=InnoDB;` zai juya shi, bayan bakof.

UPS ko inbata dole ne, ko ƙarami ne da zai riƙe injin kafin janareta ta kama. In yana da kebul na USB ka girka NUT ko apcupsd, batir na yin ƙasa zai kashe injin cikin mutunci. Wannan yana da wata riba ta biyu: idan MySQL ta rufe da kanta tana rubuta jerin shafukan da ke buffer pool ta dawo da su in ta tashi, in kuwa wuta ce ta fizge ta, ba ta samu ta rubuta sabon jeri ba, ga kuma gyaran redo log da za ta fara yi. Shi ya sa bayan an dawo da wuta manhajar ke yin nauyi na ɗan lokaci kafin ta warware.

Mataki na bakwai: shi kansa Linux da ƙarfen

Kaɗan ne a nan. `vm.swappiness` yana zuwa a 60, ka buɗe fayil a `/etc/sysctl.d/` ka rubuta `vm.swappiness = 10` sannan `sudo sysctl --system`, don Linux ya rage saurin tura memorin databes zuwa swap. Kar ka cire swap ɗin gaba ɗaya. `innodb_flush_method = O_DIRECT` yana hana a ajiye bayani sau biyu a RAM, sabbin sigogi da shi suke zuwa, tsofaffi sai ka sa.

Sai ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin tebur. Sabar shaguna da yawa tana nan a ƙasa jingine da bango, kwalaye sun toshe bayanta, ƙurar hunturu ta yi wa fankar kauri kamar an shafa, ga zafin Afrilu da ke kai 40 a inuwa. CPU in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma babu saitin MySQL da zai gyara wannan. Girka lm-sensors ka buga `sensors`, in kana ganin 90 da wani abu a kashe injin a hure shi da bulowa, a canja man kan CPU, a ɗaga shi daga ƙasa. Haddis ma ka tambaye shi lafiyarsa da `sudo smartctl -a /dev/sda`, in Reallocated ko Pending sectors suna ƙaruwa canja shi za ka yi tun kafin ya yanke maka.

Masu hayar saba a Turai kuma, ku tabbatar manhajar da databes suna wuri ɗaya. In manhajar tana kwamfutar shago a Kano databes tana Jamus, ka buga `ping` za ka ga sama da milisakan 100 kowace tafiya da dawowa, shafin da ke aika kuweri 200 ɗaya bayan ɗaya ya ci sakan 20 ke nan a hanya kawai, ko da sabar can ba ta aikin komai.

In ka gama duk wannan ka sake zama lokacin cunkoso ka buga `top` da `vmstat` da `iostat` ka gwada da lambobin da ka rubuta da farko. Canji ɗaya a lokaci ɗaya ya fi, in ka zuba goma tare abu ya lalace ba za ka san wanne ne ba. Idan har yanzu `wa` yana sama kuma haddis mai juyawa ne, to yanzu ne za ka koma wa Alhaji da maganar kuɗi, kuma SSD za ka fara cewa a sayo a Beirut Road, RAM ta biyo baya in bayanan sun fi ƙarfin buffer pool. Ka sa a gwada SSD ɗin da `smartctl` a gabanka kafin a biya, Power_On_Hours zai nuna maka ko sabo ne ko an sha aiki da shi.